Baƙo, Rantsuwa da Kunya: Tarihin Ɗabi'a a Wajen Masu Bautar Gumaka na Girka da Rum

Tsofaffin Girkawa ba su da littafi saukakke, ba su da manzo, kuma sarakunan tsafinsu ba sa wa'azi. Aikin sarkin tsafi shi ne ya yanka sa ko rago yadda aka gada, ya kiyaye ranakun bukukuwa, ya kula da dukiyar ɗakin gunki. Wanda ya zo da hadaya buƙata ce ta kawo shi: ruwan sama, haihuwa, nasara a yaƙi. Ba mai tambayarsa yadda yake zaune da iyalinsa, ko yadda yake awo a kasuwa. Duk da haka mutanen nan sun san amana, sun san cin amana, kuma an samu a cikinsu waɗanda suka zaɓi mutuwa a kan su zalunci wani. Daga ina suka samo wannan? Amsar ta yi shekara sama da dubu tana sauya kama.

Mafi tsufan shaida su ne dogayen waƙoƙi biyu da ake danganta wa Homa, Iliyad da Odisi, waɗanda masana ke kintatar an tsara su tsakanin shekara ta 750 da ta 700 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Yaƙin Turoya da suke ba da labari zancen baka ne. An haƙo kufan garin a ƙasar Turkiyya ta yau, amma jaruman suna nan a matsayin almara. Abin da waƙoƙin ke tabbatarwa shi ne abin da masu sauraronsu suka ɗauka abin yabo da abin kunya. Gumakan da ke ciki ba abin koyi ba ne: suna ƙarya, suna bin matan aure, suna fifita wanda ya fi yi musu yanka. Amma akwai wurare uku da aka ce Ziyus, babbansu, ba ya ɗaga ƙafa: haƙƙin baƙo, haƙƙin wanda ya faɗi ya nemi mafaka, da rantsuwa.

An ce yaƙin ma cin amanar masauki ne ya haddasa shi. Faris ɗan sarkin Turoya ya sauka gidan Menelawus, ya ci ya sha, sannan ya gudu da matar gida. An ce a tsakiyar fagen fama jarumai biyu suka ja daga, da suka binciki asalin juna sai suka gane kakan ɗayansu ya taɓa sauke kakan ɗayan a gidansa. Nan take suka fasa, suka yi musayar sulke, kowa ya nemi wani abokin karo. A Odisi kuma akwai Yumayus, bawa makiyayin aladu, wanda ya karɓi wani tsohon mabaraci cikin tsumma, ya yi masa shimfiɗa, ya yi masa yanka, bai san ubangidansa ne da ya ɓace shekara 20 ba. A duniyar da babu masaukin haya, babu ɗan doka, babu wanda zai bi jinin matafiyi idan ya bar garinsu, wannan ƙa'ida ita ce abin da ke tsakanin baƙo da halaka. Shi ya sa suka jingina ta ga mafi girman abin da suke tsoro.

Sauran ɗabi'u kunya ce ke riƙe da su. An ce da matar Hekta, jarumin Turoya, ta roƙe shi kada ya fita yaƙin da ya san ba zai dawo ba, hujjarsa ita ce kunyar idon maza da matan garinsu. Lahirar Homa ba ta da hisabi ga gama-garin mutane. Mai kirki da mugu duk inuwa suke komawa a ƙarƙashin ƙasa. Abin da mutum ke bari shi ne suna da zuriya, kuma a nan ne ake sa ran sakayya za ta sauka.

Wajajen shekara ta 700 kafin Miladiyya aka ji wata murya daban. Hesiyod manomi ne a ƙauyen Askara, kuma ta bakinsa ɗan'uwansa ya cinye masa gado da taimakon manyan gari masu karɓar hanci. A waƙarsa ya nace cewa Adalci 'yar Ziyus ce, tana kai wa mahaifinta ƙarar alƙalai masu karkata hukunci, kuma gari guda kan ɗanɗana yunwa da annoba saboda laifin mutum ɗaya. Homa ya yi wa sarakuna waƙa. Hesiyod ya yi magana da yawun wanda aka zalunta ba shi da wurin kai kuka. A ganina nan ne maguzancin Girka ya fara neman abin bauta mai adalci, kuma buƙatar ta fito ne daga ƙasa.

Bayan haka doka ta shigo, kuma daga nan muna kan rubutaccen tarihi. Kimanin shekara ta 621 kafin Miladiyya Darako ya rubuta wa Atina dokar kisan kai, wadda ta raba kisan ganganci da na kuskure, ta rage wa dangi ikon ɗaukar fansa. An sake sassaƙa ta a dutse a shekara ta 409, kuma ɓangaren dutsen yana nan. A shekara ta 594 Solon ya soke basussukan da suka danne manoma, ya hana a mayar da ɗan Atina bawa saboda bashi, ya dawo da wasu da aka sayar ƙasashen waje.

Amma tsoron rantsuwa bai gushe ba. Marubucin tarihi Hirodotus ya kawo labarin wani mutumin Isparta mai suna Galaukus, wanda ya shahara da riƙon amana har wani baƙo daga Militus ya ba shi ajiyar kuɗi. Da 'ya'yan mai kuɗin suka zo karɓa, sai ya ce bai tuna ba. Sannan ya tafi wurin tsafin Dalfi ya tambaya ko ya rantse a kan ƙarya ya riƙe kuɗin. An ce aka amsa masa cewa gwada abin bauta da aikata laifin duk ɗaya ne. Ya mayar da kuɗin, amma an ce bayan 'yan tsararraki ba a sami ko gida ɗaya da ke amsa sunansa a Isparta ba. Labari ne na jan kunne, amma abin lura a cikinsa babba ne: an fara kama mutum da abin da ya ƙudura, tun bai aikata ba.

Tun a ƙarni na 6 kafin Miladiyya aka samu masu ƙyamar labaran gumakan. Zenofanis ya zargi Homa da Hesiyod da jingina wa alloli sata da zina da yaudara, ya kuma ce mutane ne ke ƙera alloli da kamanninsu. Sai yaƙin Atina da Isparta ya zo a shekara ta 431 ya gwada tsohuwar ƙa'ida. A 430 annoba ta faɗa wa Atina. Marubucin tarihi Tusididis, wanda shi ma ya kamu ya tashi, ya ba da labarin yadda mutane suka ga mai yanka da marar yanka duk suna mutuwa, sai tsoron alloli da tsoron doka suka fita daga zukata. A 416 Atinawa suka kewaye ƙaramin tsibirin Milos don ya ƙi bin su, suka kashe mazan, suka mayar da mata da yara bayi. Mutanen Milos sun dogara da cewa alloli ba za su bar mai gaskiya ya taɓe ba. Kunya tana aiki a gaban idon 'yan gari. Wanda yake can tsallaken teku, ba mai jin kunyarsa.

A cikin wannan ruɗani Sokratis ya rayu. Bai rubuta komai ba. Ta hannun almajiransa, Aflatun da Zenofon, muka san shi, don haka ba a iya raba maganarsa da tasu tsaf. Amma ayyukansa sanannu ne. A 406 ya ƙi yarda a yi wa kwamandojin yaƙin ruwa hukunci a dunƙule, saɓanin doka, alhali taro na yi masa ihu. A 404 azzaluman mahukunta 30 suka umarce shi ya kamo wani mutum da za su kashe, ya juya ya tafi gida. Al'adar Girkawa ita ce ka taimaki masoyinka, ka cuci maƙiyinka. Shi kuwa ya koyar cewa ba a rama cuta da cuta, kuma gara a zalunce ka da ka yi zalunci. Ya kuma yi tambayar da ta girgiza addinin garinsu: abu yana zama mai kyau ne don alloli na sonsa, ko suna sonsa ne don yana da kyau? A 399, yana da shekara 70, aka yanke masa hukuncin kisa bisa zargin ƙin allolin gari da lalata tarbiyyar samari. Abokansa sun shirya masa hanyar gudu, ya ƙi, ya sha guba.

Daga nan koyar da ɗabi'a ta koma hannun masu falsafa. Aflatun ya tsara manyan halaye huɗu: hikima, jarumta, kamun kai da adalci. Aristotal, wanda ya rasu a 322, ya ce hali na gari da sabo ake samunsa, kuma yana tsakanin wuce gona da iri da gazawa. Jarumta tana tsakanin tsoro da ganganci, kyauta tana tsakanin rowa da almubazzaranci. Shi ne kuma ya rubuta cewa wasu mutane bayi ne tun daga halitta. Wajajen 300 Zeno ya fara koyarwa a wani shirayi a kasuwar Atina, kuma mabiyansa, 'yan Shirayi, suka zo da abin da Homa bai sani ba: duk ɗan Adam yana da rabo a hankali guda da ke tafiyar da duniya, don haka Bagirke da bare, ɗa da bawa, 'yan gari ɗaya ne.

Rumawa sun fi son abin da aka gada a kan muhawara. Ginshiƙansu su ne biyayya ga alloli da iyaye da ƙasa, da cika alkawari, wanda har suka mayar da shi abin bauta suka gina masa ɗaki a kan tudun Kafitol a tsakiyar ƙarni na 3 kafin Miladiyya. Gwarzonsu a wannan fage kwamandan yaƙi Regulus ne. Tarihi ya tabbatar mutanen Kartaj sun kama shi a shekara ta 255. Sauran labarin kuwa abin da ake faɗa ne: wai an sake shi ya je Rum neman sulhu bisa rantsuwar zai dawo, ya je ya shawarci majalisa ta ƙi, sannan ya koma aka kashe shi da azaba. Folibiyus, wanda ya fi sauran marubutan tarihin da littattafansu suka iso mu kusa da zamanin, bai ambaci wannan tafiya ba. Amma da labarin aka yi ta tarbiyyar 'ya'yan Rum.

A shekara ta 44 kafin Miladiyya, Sisero, ɗan siyasar Rum, ya rubuta wa ɗansa littafi a kan wajibai. A ciki ya kawo wata mas'ala. Ɗan kasuwa ya taso da jirgin alkama daga Iskandariya zuwa tsibirin Rodas inda ake yunwa. A hanya ya wuce wasu jiragen alkama da ke tafe a bayansa. Ya faɗa wa mutanen gari, farashi ya karye, ko ya yi shiru ya sayar da tsada? Ba doka da ta tilasta shi, kuma shirun ba ƙarya ba ce. Sisero ya yanke cewa dole ya faɗa, domin ɓoye wa mutane abin da ya shafe su don ka ci riba aikin maha'inci ne. Bai kafa hujja da gunki ko ɗaya ba. Ya kafa ta da zumuncin da ke tsakanin 'yan Adam.

Sai dai a riƙa tuna wace Rum ce wannan. A 71 kafin Miladiyya, bayan an murƙushe tawayen bayi na Ispartakus, an gicciye bayi 6,000 a bakin hanya daga Kafuwa zuwa Rum. Wata wasiƙa da aka haƙo a Masar, ta shekara ta 1 kafin Miladiyya, miji ne ke rubuta wa matarsa cikin kulawa da ƙauna, sannan ya ce idan ta haifi namiji ta raine shi, idan mace ce ta yar. A shekara ta 61 Miladiyya wani bawa ya kashe shugaban birnin Rum, doka kuwa ta ce a kashe duk bayin gidan, su 400. Marubucin tarihi Tasitus ya ce talakawan gari sun fito da duwatsu da wuta don su hana, sai da Sarki Nero ya jera sojoji a hanya aka zartar. Wannan tarzoma tana burge ni fiye da littattafai da yawa: tausayi yana nan a zukatan mutanen da ba su karanta falsafa ba, doka da addinin gari ne ba su ba shi gurbi ba.

'Yan Shirayi sun yi magana. Seneka ya la'anci kashe-kashen filin wasa, ya ce bayi mutane ne, ko da yake shi kansa attajiri ne a fadar Nero, wanda ya umarce shi ya kashe kansa a 65. Musoniyus ya koyar cewa a raini duk ɗan da aka haifa, a ilimantar da mata, kuma abin da aka hana mace a aure an hana namiji. Almajirinsa Efiktitus bawa ne da aka 'yanta, kuma koyarwarsa ta kai har ga sarki Markus Oreliyus, wanda ya yi mulki daga 161 zuwa 180. Amma ba ɗayansu da ya nemi a soke bauta, kuma maganarsu a tsakanin masu karatu ta tsaya. An samu wuraren tsafi ƙalilan da suka gindaya sharuɗɗan hali, kamar wani a Filadalfiya ta ƙasar Lidiya da aka rubuta a dutse cewa masu shigarsa su rantse ba sata, ba kisa, ba zina. Irinsu ba su da yawa.

Attajiran Girka da Rum suna da kyauta sosai: gidajen wanka, liyafa, rabon hatsi. Amma kyautar ta 'yan gari ce masu cikakken 'yanci, kuma ladanta mutum-mutumi ne da suna a jikin dutse. Gwauruwa da maraya da baƙon da ya kwanta ciwo ba su da rabo don talaucinsu kawai. Ta wannan kafa Kiristanci ya shigo. A shekara ta 251 cocin birnin Rum yana ciyar da gwauraye da mabuƙata sama da 1,500. A 312 Sarki Kwanstantin ya ci yaƙi ya karkata ga Kiristanci.

Wanda ya fi kowa gane wannan giɓi shi ne Juliyan, sarkin Rum na ƙarshe mai bautar gumaka. An raine shi Kirista, an kashe mahaifinsa da danginsa a rikicin gadon sarauta na 337, ya koma ga tsofaffin alloli a ɓoye, ya bayyana da ya hau mulki a 361. Akwai wasiƙar da aka ce ya aika wa babban sarkin tsafi na Galatiya a 362. Wani marubucin tarihi Kirista, Sozomen, shi ya adana ta, kuma wasu masana na shakkar ingancinta, ko da yake wata wasiƙar tasa tana ɗauke da irin wannan ra'ayi. A ciki ya umarci a gina masaukin baƙi a kowane gari, ya ware alkama mudun Rumawa 30,000 da giyar inabi awo 60,000 duk shekara, mafi yawansu don baƙi da mabarata, ya hana sarakunan tsafi zuwa gidan wasa da mashaya. Ya ce abin kunya ne Kiristoci su riƙa ciyar da talakawansu har da na masu bautar gumaka. Hujjarsa cewa wannan gadonsu ne tun asali ita ce Yumayus, makiyayin aladun nan. Ya yi gaskiya cewa irin yana nan a Homa, amma shekara 1,000 ba a gina masa rumbu ba. Shi kansa bai tsira daga son zuciya ba: ya hana Kiristoci koyar da littattafan Girka, har marubucin tarihi Amiyanus, mai bautar gumaka kuma masoyinsa, ya kira dokar da tsanani. Ya mutu a yaƙin Farisa a watan Yuni na 363, shirin ya bi shi.

A 384 Simakus, shugaban birnin Rum, ya roƙi sarki a mayar da bagaden gunkin Nasara zauren majalisa, yana cewa kowa sama ɗaya yake kallo, kuma gaskiya mai girma haka ba ta da hanya ɗaya tak. Bishop Ambros na Milan ya tsaya aka ƙi. Simakus ɗin nan ne kuma ya yi ƙorafi a wasiƙa cewa fursunoni 29 'yan ƙabilar Sakson sun kashe kansu kafin ranar da ya shirya su yi faɗan mutuwa a wasan da ya ɗauki nauyi. Ɓacin ransa a kan wasan ne da ya lalace. A 391 da 392 Sarki Tiyodosiyus ya haramta yanka ga gumaka. A 415 wasu gungun Kiristoci suka kashe Haifatiya, malamar falsafa a Iskandariya. A 529 dokar Sarki Jastiniyan ta kawo ƙarshen makarantar falsafa ta Atina, malamai 7 suka yi hijira zuwa fadar Kisra Anushirwan na Farisa, daga baya suka dawo.

Gumakan sun faɗi, koyarwar ba ta faɗi tare da su ba, domin tun zamanin Sokratis ba a kansu take tsaye ba. Ambros da kansa ya rubuta wa limamansa littafin wajibai bisa tsarin na Sisero. A Bagadaza aka fassara littafin ɗabi'a na Aristotal zuwa Larabci, aikin da ake danganta wa Ishaƙ ɗan Hunainu, wanda ya rasu wajajen 910. Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, ya gina Tahzibul Akhlaƙ a kansa. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ce a Ihya'u Ulumid Din iyayen kyawawan halaye huɗu ne: hikima, jarumta, kamewa da adalci. Ya kafa su a kan Alƙur'ani da Sunna, ya ɗaure su da niyya da hisabin gobe. Almajirin da ke karanta Ihya'u a zaure a Kano ko Sakkwato ko Damagaram yana bi ta kan wannan lissafi na huɗu, wanda ya fara tafiyarsa daga Atina.

A ƙarni na 20 wasu Turawa suka farfaɗo da bautar tsofaffin alloli. A Ingila Jeral Gadna ya fito da addinin Wika a littafinsa na 1954. A Aislan hukuma ta yi wa masu bautar allolin arewacin Turai rajista a 1973, a Girka kuma aka amince da masu bin allolin Homa a hukumance a 2017. Yawancinsu suna magana a kan karɓar baƙo, cika alkawari da girmama ƙasa da halittu, kuma babbar ƙa'idar 'yan Wika ita ce mutum ya yi abin da ya ga dama muddin bai cutar da kowa ba. Ba sa ajiye bayi, ba sa yar da jarirai, ba sa gina filin da za a zubar da jini. Waɗannan hane-hane sun same su ne daga ƙarnukan da suka biyo bayan rufe ɗakunan gumakan, ƙarnukan da su suke cewa sun tsallake.